Faretin Asuba na Saje Ajimi

A layinmu na Gomari, mutum ba ya buƙatar agogo da safe. Idan an fito daga sallar asuba da kamar minti goma, za ka ji an buga ƙafa a ƙasa sau ɗaya daga gidan nan mai koren ƙyaure. Daga nan sai wata murya mai kauri ta tashi, wadda shekaru suka ɗan rage mata kaifi.

"Kofur Hashim Bulama."

Sai shiru, kamar tsawon numfashi uku.

"Las-kofur Jona Mshelia."

Shiru.

"Farabiti Okon Edet. Farabiti Terna Aondo. Farabiti Yoila Dibal. Farabiti Inuwa Ringim."

Kowane suna da nasa shirun, ba a haɗa biyu a numfashi ɗaya. A ƙarshe muryar takan kira, "Saje Ajimi Gana," ta kuma amsa wa kanta da "Sa." Sai a sake buga ƙafa, a ce, "Mutum bakwai, an kira kowa." Shi ke nan, gari ya waye. Mai shayin bakin layi yakan ce idan aka kai kan Terna ruwansa bai tafasa ba, to ranar ya makara.

Saje Ajimi ya haura saba'in da uku. An haife shi a wani ƙauye a hanyar Dikwa, inda mahaifinsa ya so ya gaje shi a noman firgi, wato noman dawar rani. Yana ɗan shekara ashirin da ɗoriya wani maƙwabcinsu soja ya dawo hutu da baƙin takalmi mai ɗaukar ido, shi kuwa Ajimi bai taɓa sa wani abu a ƙafarsa ba sai fade na taya. Takalmin nan ne ya kai shi Zariya shiga soja, ba kishin ƙasa ba, shi da kansa yake faɗa yana dariya. A bariki ya koyi Hausa, a can ya koyi haɗa baƙaƙen boko, amma har yau Barbarci bai sauka daga harshensa ba. Ya zauna a Kaduna, ya zauna a Jos, sannan a shekarar casa'in aka zuba su a jirgin ruwa zuwa Laberiya. Da ya yi ritaya ya dawo Maiduguri, ya yi shekara goma sha biyu yana gadin wata makarantar firamare, inda yara suka sa masa suna Baba Fareti. Yanzu aikinsa zama a gindin darbejiyar ƙofar gida. In jirgi ya tashi daga filin da ke bayanmu, ko ɗaga kai ba ya yi zai gaya maka na fasinja ne ko na yaƙi.

Mutum uku ne a gidan tun rasuwar matarsa: shi, da 'yarsa Falmata mai haɗa turaren wuta, da ɗanta Mahfuz. Mijin Falmata tela ne, ya rasu a shekarun tashin hankali, lokacin Mahfuz yana ɗan shekara biyar, shi ya sa ta dawo gidan ubanta. Yanzu yaron yana da sha shida, dogo ne siriri, wayarsa ba ta barin hannunsa. Shi bai san soja mai dawowa hutu da takalmi mai sheƙi ba. Abin da ya tashi ya gani shi ne shingen hanya, da saukowa daga Keke, da ɗaga hannu sama, da shiga gida kafin magariba. Don haka duk lokacin da kakan ya soma zancen bariki, sai ya sa abin saurare a kunne.

Ba sa wuni ba su taɓa juna ba.

"Kurtu," in ji tsohon, don haka yake kiransa, "wannan tsayuwa ce ko igiyar shanya ce ta saki?"

"Saje, a gidanmu nake, ba a bariki ba."

"Wannan askin fa? Wanzamin ne ya gudu da rabin aikin?"

"Yayi ne, Kaka. Ba za ka gane ba."

"A zamaninmu mai irin wannan kan, tsallen kwaɗo zai yi daga nan har Bolori."

"Shi ya sa zamanin naku ya wuce."

Falmata takan leƙo daga madafa ta ce, "Mahfuz, bakinka." Tsohon kuwa sai ya ce, "Ƙyale shi, kishina yake yi. Ya ga 'yan matan layin nan ni suke gaidawa."

Abin da ya fi ƙona wa Mahfuz rai shi ne faretin asuba, domin tagar ɗakinsa ce ke kallon tsakar gida. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa komawa barci bayan salla ya ji daɗinsa ba. Wata rana ya tambaya kai tsaye.

"Wai Kaka, su wa kake jira su amsa? Kajin Mama?"

"Ba ruwan kurtu da abin da ya fi ƙarfin igiyarsa."

"Yaƙin nan an gama shi tun Mama tana aji biyu."

"An gama," in ji tsohon, ya ci gaba da goge takalminsa.

Da yamma, a dandalin da suke zama da abokansa, Mahfuz ya mayar da abin wasan kwaikwayo. Sai ya saƙale karan tsintsiya a hammata, ya turo ƙirji, ya buga ƙafa, ya shaƙe murya: "Kofur Hashim Bulama." Har yadda tsohon ke jan "Mshelia" da yadda yake haɗiye ƙarshen "Aondo" ya iya. Yaran su yi ta faɗuwa don dariya, su ce a sake. Babu satin da ba a sa shi ya yi ba.

A daminar bara ne faretin ya fara canzawa. Mu da ke ji ta bayan katanga mun lura shirun da ke tsakanin sunaye ya soma tsawo a wasu wurare. Mahfuz kuma, ta tagarsa, ya ga wani sabon abu. Kakan yakan fito da 'yar tocila da tabarau, ya zaro wani hoto daga aljihun gaba, ya haska shi kusa da fuskarsa, ya jima yana kallo kafin ya buga ƙafa. Wani lokaci a tsakiyar kiran ma sai ya sake zaro shi.

Yaron ya san hoton. Baƙi da fari ne, sojoji bakwai a gaban wata motar ɗaukar kaya, huɗu a tsaye uku a tsugune. Ruwan yoyo ya taɓa shi shekarun baya, ya yi jirwaye, gara ta ci kusurwa ɗaya, fuskoki biyu sun kusa shafewa. Mahfuz ya ga yadda tsohon ke matso da shi har yana kusan taɓa hancinsa, sai wani abu ya motsa a ransa. Ya ce a zuci, idon Kaka ya yi rauni, hoton ma ya mutu, mutanen nasa yake nema bai gan su ba. Wannan kam abu ne da shi Mahfuz ya san maganinsa.

Ranar wata Asabar, tsohon ya cire rigarsa ya rataye ya shiga wanka. Mahfuz ya zare hoton, ya hau Keke sai kasuwar waya. Akwai wani mai shago da ya sani, wanda ke gyara tsofaffin hotuna a kwamfuta. Mutumin ya ɗora hoton a na'ura, ya yi 'yan danne-danne, cikin rabin awa sai ga sojoji bakwai sun fito tas, har da launi. Kakin ya yi kore shar, sararin sama ya yi shuɗi. Aka wanke shi babba, aka sa a firam mai ruwan zinariya.

"Wannan tsohon fa?" in ji mai shagon, yana nuna na asalin.

"Me za a yi da shi kuma? Ga sabo."

Ya bar shi nan kan tebur ya fito, yana rungume da firam ɗin kamar wanda ya ci kofi.

Ya tarar da gidan a hargitse. An fito da tabarma, an zazzage akwatin ƙarfe, Falmata tana duba ƙarƙashin gado, tsohon yana tsaye da singileti yana laluba aljihun rigar da ya riga ya laluba sau goma.

"Saje, a kwantar da hankali," in ji Mahfuz yana murmushi. "Kurtu ya je aiki na musamman."

Ya miƙa masa. Tsohon ya karɓa, ya sa tabarau, ya duba.

"Su wane ne waɗannan?"

"Ku ne mana. Ga ka nan a tsakiya."

"Ni ne wannan mai fuskar ango?" Ya kai yatsa kan wani. "Jona yana da tabo daga nan zuwa nan. Ina yake?"

"Kwamfuta ce ta gyara."

"Ta yi masa magani kenan." Ya ɗan yi murmushi, ba don ransa ya so ba. Sannan ya juya firam ɗin. Bayansa kwali ne fari fat, da ɗan ƙarfen ratayewa. Ya shafa shi da tafin hannu, ya sake juyawa, ya sake dubawa.

"Ina sunayen?"

"Wane sunaye?"

"Ba ni na ainihin."

Mahfuz ya dubi uwarsa. Falmata ta riga ta dafe bango.

"Na bar shi a shagon," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Ai ya lalace, Kaka."

Tsohon bai yi faɗa ba. Ya ajiye firam ɗin a kan tabarma a hankali, ya ɗauki rigarsa ya sa, ya shiga ɗaki ya saki labule.

Falmata ta jawo ɗanta madafa. "Kai ba ka taɓa juya hoton nan ba?"

"Me zan gani a baya?"

"Kowannensu ya rubuta sunansa da hannunsa, ranar da aka ɗauke shi. Baba ba fuska yake kallo ba, Mahfuz. Sunayen ne suka fara kuɓuce masa tun kafin azumi. Ya ce kada in gaya wa kowa, balle kai, don kada ka kai shi dandali."

Ashe ta san da wasan tsintsiyar. Mahfuz ya fita da gudu.

Mai shagon ya tausaya masa ƙwarai. Ya ɗaga na'ura, ya jawo durowa, ya zazzage kwandon shara. Amma an yi shara da azahar, kuma sharar layin gaba ɗaya a bayan kasuwa ake tara ta a cinna mata wuta. Mahfuz ya je wurin, ya tsaya yana tona toka da kara har hayaƙi ya sa idonsa ruwa. Ya koma ya tambaya ko na'urar ta ɗauki bayan hoton.

"Baya kuma?" in ji mai shagon. "Wa yake ɗaukar baya?"

Bayan la'asar ya dawo, ƙafafunsa duk toka. Kakan yana gindin darbejiya, ba rediyo, ba takalmin gogewa. Yaron ya durƙusa a gabansa, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Kaka, an ƙone shi. Ka yafe mini."

"Zauna."

Ya zauna a ƙasa. Tsohon ya dubi titi, ya fara.

"Ka taɓa tambayata su wa nake jira su amsa. A Laberiya, akwai wata gada da aka ce mu riƙe. Kwana biyu muna wurin. Rana ta uku da sassafe aka ce mu janye, yanzu-yanzu, ga wuta ta ko'ina. Ni ne babba, mutum shida a hannuna. Ka'ida ita ce ka kira sunan kowa, ya amsa, sannan mota ta tashi. Ni kuwa sauri nake yi. Na leƙa bayan mota na ƙirga kai. Ɗaya, biyu, har shida. Na buga wa direba, muka tafi."

Ya goge bakinsa da bayan hannu.

"Sai da muka yi mil goma na ga na shidan ba namu ba ne. Wani ɗan garin ne da ke ɗebo mana ruwa, tsoro ya sa ya faɗa motar, ya kifa hular wani a kansa. Namu yana can ƙarƙashin gada inda na sa shi gadi da bakina. Na ce masa kada ya motsa sai na kira shi. Kuma na san shi, ba zai motsa ba."

"Ba ku koma ba?"

"An hana. Bayan kwana huɗu muka koma. Butar ruwansa kawai muka samu."

Wani jirgi ya tashi. Tsohon bai ce na mene ne ba.

"Sauran, wasu sun mutu a can, wasu mun rabu a bariki, ban san inda suke ba. Amma tun daga ranar ban sake ƙirga mutum ba. Suna nake kira. Wanda na bari a gadar, shi ne ma ya rubuta mini nawa a bayan hoton, don rubutuna kamar tafiyar kaza yake. Mutumin kudancin Borno ne, mai wushirya, in yana dariya har kafaɗunsa rawa suke yi. Ranar Lahadi in tsare masa gadi ya je coci, ranar Juma'a ya tsare mini. Ina ganinsa yanzu kamar yadda nake ganinka. Na biyar ne a layi." Leɓɓansa suka yi ta motsi. "Ka ga abin. Tun azahar nake nemansa."

Mahfuz ya buɗe baki. Sunan yana kan harshensa, ya faɗe shi ya fi sau ɗari da tsintsiya a hammata. Tsohon ya ɗaga hannu.

"Kul. Ko uwarka na hana. Sau ɗaya na bar shi, ba zan bari wani ya ɗauko mini shi ba. Gobe zan same shi da kaina. Umarni ne, Kurtu."

"To, Saje."

Washegari bayan salla, Mahfuz bai koma shimfiɗa ba. Ya zauna a bakin taga. Kakan ya fito, ya tsaya a inda ya saba, hannunsa ya tafi aljihun gaba, ya dawo ba komai. Ya buga ƙafa.

"Kofur Hashim Bulama."

Numfashi uku.

"Las-kofur Jona Mshelia. Farabiti Okon Edet."

Ya ɗan yi tuntuɓe a kan Terna, amma ya kamo shi. Sannan ya ce, "Farabiti," ya tsaya.

Mu a bayan katanga mun ji shirun nan. Numfashi uku ya wuce, goma ya wuce. Mai shayi ya ce shi ma tsayawa ya yi da ludayi a hannu. Tsohon ya sake cewa, "Farabiti," a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san ba kowa a ciki. Mahfuz yana ganin bayansa, yana ganin yadda kafaɗun da ba su taɓa sauka ba suka fara sauka. Falmata tana ƙofar madafa, ta toshe bakinta da gefen mayafi.

Yaron ya tashi ya fito, ba takalmi. Ya zagayo ya tsaya a gaban kakansa. Bai shaƙe murya ba, bai turo ƙirji ba, da muryarsa ta kullum ya faɗa.

"Farabiti Yoila Dibal."

Tsohon ya rufe ido. Leɓɓansa suka maimaita sunan ba sauti, sau biyu. Aka yi masa shirunsa na numfashi uku, cikakke.

"Na ba ka umarni," ya ce, idonsa a rufe.

"Na ji, Saje. Amma kai ka ce ka'ida ita ce mota ba ta tashi sai an kira kowa."

Tsohon ya buɗe ido ya dube shi tun daga askin har yatsun ƙafa.

"A ina ka riƙe su?"

"Shekara sha ɗaya kana hana ni barci da su."

"Da kuma dandali."

Mahfuz ya sunkuyar da kai. "Da dandali."

"To ƙarasa. Ka fara aiki, ka tsaya a tsakiya?"

"Farabiti Inuwa Ringim," in ji Mahfuz. Ya jira. Sannan ya ce, "Saje Ajimi Gana."

Tun ritayarsa rabon da wani ya kira masa wannan sunan a layi. Ya haɗa dugadugansa, ya miƙe har sai da ƙashin bayansa ya yi ƙara.

"Sa."

"Mutum bakwai, an kira kowa."

Da rana Mahfuz ya samo alƙalami mai kauri ya rubuta sunayen a bayan firam ɗin da manyan baƙaƙe. Tsohon ya duba ya ce rubutun ya yi kyau, amma ba hannunsu ba ne, kuma wannan ba mai dawo da shi. Ya sa aka rataye hoton a ɗakin Falmata, ya ce shi ba zai kwana ɗaki ɗaya da baƙin angwaye ba.

Yanzu murya biyu muke ji da asuba. Ranar da kan tsohon yake garau, shi ke kira, yaron yana tsaye a gefe yana hamma. Ranar da abin ya ƙi, sai ƙaramar muryar ta karɓa daga inda babbar ta tsaya. Abokan dandali sun gaji da roƙon a yi musu wasan tsintsiya. Askin dai yana nan yadda yake, haka ma abin sauraren kunne. Ko yau da safe, bayan an buga ƙafar ƙarshe, mun ji tsohon yana cewa, "Kurtu, haɗa ƙafafun nan. Yoila yana ganinka, dariya zai yi."

"Kaka, sanyi ake yi."

"Haɗa su dai."